KIRANYEN MOTOCI DA HAƊARIN WAYARIN A BAS-BAS ƊINMU

Jawabin da wani tsohon ɗalibi, ma'aikacin gwamnati, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai a birnin Kano

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

 Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ga dacewar a ba ni wannan dama, alhali ga manya a zaune waɗanda suka fi ni shekaru da sani. An umarce ni in yi magana a kan lafiyar motocin da ke ɗaukar jama'a, musamman haɗarin gobarar da ke tashi daga wayarin, da kuma abin da ake yi a wasu ƙasashe idan aka gano irin wannan aibi. Zan yi ƙoƙari in taƙaita, domin a samu lokacin tambayoyi.

MENE NE KIRANYEN MOTA?

Dukanmu mun san kalmar kiranye a fagen siyasa, wato jama'a su dawo da wakilinsu gida idan ya gaza. To ita ma mota ana yi mata kiranye. Idan kamfanin da ya ƙera mota, ko hukumar da ke sa masa ido, suka gano cewa akwai wani aibi tun daga masana'anta wanda zai iya jawo asarar rai, sai a rubuta wa duk wanda ya mallaki irin wannan mota takarda, a ce ya kawo ta a gyara masa ba tare da ya biya ko kwabo ba. A Amurka wannan tsari ya kafu ne da wata doka ta shekarar 1966, kuma hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, wadda ake kira NHTSA, ta fara aiki a 1970.

Bari in kawo misalai uku da suka shafi wayarin. Na farko shi ne na kamfanin Ford. Daga 1999 zuwa 2009 kamfanin ya yi ta kiranye kashi-kashi, har adadin motocin ya haura miliyan 14, saboda wani ɗan makunni da bai kai babban yatsa ba, wanda ke manne da tukunyar man birki. Shi wannan makunni kullum da wuta a jikinsa, ko da an kashe mota an zare makulli. Idan ya tsufa sai man birki ya riƙa tsattsafowa cikinsa, ya ci shi, ya yi zafi, har ya kama da wuta. Motoci sun ƙone cikin dare a gareji masu su suna barci, wasu har da gidajen. Cikin waɗanda abin ya shafa akwai samfurin Econoline, wanda a kan ƙashinsa ake gina ƙananan bas-bas masu jigilar mutane a filayen jirgin sama da asibitoci. Abin da nake so jama'a su riƙe shi ne maganin da kamfanin ya yi: ya ƙara wata 'yar gajeriyar waya mai fiyus a kan hanyar wutar. Zan dawo kan maganar fiyus nan gaba.

Na biyu, a watan Oktoba na 2012 kamfanin Toyota ya yi wa motoci kimanin miliyan 7.4 kiranye a faɗin duniya, saboda makunnin ɗaga gilashi na ƙofar direba, wanda kan cije ya yi zafi har ya narke. Cikinsu akwai Corolla da Camry, waɗanda ba sai na gaya wa kowa yawansu a titunan Kano ba.

Na uku, a watan Afrilu na 2022 bas-bas biyu masu aiki da batir suka kama da wuta a birnin Paris na Faransa, tsakaninsu bai kai wata guda ba. Ba wanda ya mutu, amma a ranar da ta biyun ta ƙone hukumar sufurin birnin ta janye bas 149 irinsu daga kan titi, har sai an yi bincike. Ba su jira an yi jana'iza ba kafin su ɗauki mataki.

Kada kuma a ɗauka gobarar wayarin ƙaramin abu ce. A ranar 4 ga Nuwamba, 2008, wata babbar bas ta kama da wuta tana cikin tafiya kusa da birnin Hanover na Jamus, mutum 20 suka rasu, galibinsu tsofaffi da suka kasa fitowa da sauri. Bincike ya nuna cewa daga wayar lantarki wutar ta tashi. In har haka za ta faru a ƙasar da ake duba motoci a kai a kai, ina ga namu?

DALILIN DA TAKARDAR BA TA ISOWA KANO

Jama'a, tsarin kiranye yana tafiya ne a kan abu ɗaya: kamfani ya san wa ke riƙe da motar, kuma ya san adireshinsa. A nan gizo ke saƙa.

Dattawan da ke cikinmu za su tuna lokacin da ake harhaɗa motoci a ƙasar nan: Fijo a Kaduna, Basuwaja a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, Marsandi a Inugu, da kuma kamfanin manyan motoci na Fiat a nan Kano. A wancan zamani ma'aikaci kan karɓi bashin mota ya sayi sabuwa dal daga hannun dila, da sunansa a littafi. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar Naira ta faɗi, sabuwar mota ta gagari talaka da ma'aikaci, sai kasuwa ta koma kan tokumbo, waɗanda muka fi sani da 'yan Kwatano ko Beljiyam.

To dubi tafiyar bas guda. An ƙera ta a Japan, ta yi shekaru tana aiki a Turai ko a ƙasashen Larabawa, aka yi gwanjonta, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a Legas ko Kwatano, dillali ya kawo ta Kano, Alhaji ya saya ya ba direba, direba ya gaza balas aka karɓe aka sayar wa wani, daga ƙarshe wata makarantar Islamiyya ta saye ta don ɗaukar yara. Idan an yi wa wannan mota kiranye, takardar tana can a akwatin gidan wayar wani Bature da ya rabu da ita shekara goma da suka wuce. Mu aibin kaɗai ya iso mana.

Doka kam muna da ita. Dokar kare haƙƙin masu sayen kaya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta wajabta wa mai ƙera kaya ko mai rarraba su cewa idan ya gano wani haɗari a cikinsu ya sanar da jama'a, ya kuma janye su daga kasuwa. Akwai hukumar SON mai kula da ingancin kaya, akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa da aka kafa a 1988, akwai jami'an VIO, ga kuma KAROTA a jiharmu. Amma motar da ta bi hannu bakwai kafin ta iso, wa za a kama a ce shi ne mai rarraba ta? Shi ya sa nake cewa, a halin da muke ciki, kiranyen motocinmu a wuyanmu yake. Mu ne kamfanin, mu ne hukumar.

AIBIN DA MUKE ƘARAWA DA HANNUNMU

Gaskiyar magana, aibin masana'anta shi ne ƙaramin kashi na matsalarmu. Babban kashin a garejinmu ake ƙera shi. Kafin in lissafa, bari mu tuna ɗan abin da malamanmu na kimiyya suka koya mana.

Batirin ƙaramar bas bolt 12 ne, na manya kuwa sau da yawa 24. Saboda ba ya jan mutum idan ya taɓa shi, sai a raina shi. Amma batirin da ke iya juya inji yana iya tura ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Duk wanda ya taɓa ganin sifana ta faɗa tsakanin kawunan batir ya san irin tartsatsin da ke tashi. Haka kuma gangar jikin mota gaba ɗayanta ita ce hanyar komawar wuta. Don haka duk inda rigar waya ta goge, tagullar ta taɓa ƙarfe, wuta ta sami gajeriyar hanya, wayar za ta yi ja kamar garwashi cikin daƙiƙoƙi, robarta ta kama, soson kujera ya karɓa.

Mai gadin da aka ajiye don hana wannan shi ne fiyus. Ɗan siririn ƙarfe ne da aka auna shi don ya narke kafin waya ta yi zafi. Har launi aka ba shi don kada a ruɗe: ja na amfiya 10, shuɗi na 15, rawaya na 20, kore na 30. Idan fiyus ya ƙone, aikinsa ya yi, yana gaya maka ne akwai ciwo a wani wuri. Mu kuwa me muke yi? Sai a cire ja a sa kore. Idan koren ma ya ƙone, sai a tsinko silin waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli a cusa a wurin, a ce an yi dairek. Fitila ta kawo, direba ya ji daɗi, ya ba da na goro. Alhali an kori mai gadi ne an bar ƙofa a buɗe. Ku tuna, abin da babban kamfani kamar Ford ya kashe maƙudan kuɗi ya ƙara wa miliyoyin motoci, shi muke cirewa da hannunmu don gudun sayen abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Abu na biyu shi ne juyin sitiyari. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972 ƙasar nan ta koma tuƙi a hannun dama, don haka motar da ta zo daga Japan ko Ingila da sitiyari a dama sai an juya ta. Wajen juyin nan ana yanke damin wayoyin da ke bayan dashbod, a ƙara musu tsawo. Mai aikin kirki zai haɗa kowace waya da dalma, ya rufe ta da kyau, ya ɗaure. Mai gaggawa kuwa sai ya murɗa su da yatsa, ya naɗe da salatif, ko ma da leda. Bayan wata shida zafi ya saki salatif ɗin, girgizar hanya ta kwance murɗin.

Na uku, da yawa daga cikin bas-bas ɗinmu asalinsu motocin kaya ne. A nan ake yanka musu tagogi, a yi waldar kujeru, a huda daɓe a ɗaura kusoshi. Wutar walda da bakin kusa ba su san inda waya ta bi ba. Kuma duk ramin da waya za ta ratsa ƙarfe, kamfani kan sa masa zoben roba. Idan zoben ya faɗi ba a mayar ba, kaifin ƙarfen zai riƙa yankar wayar a hankali kamar zarto.

Na huɗu, ƙarin kaya: ham mai ƙarar jirgin ƙasa, manyan lasifikoki, fitilu masu walƙiya, fanka, wurin cajin waya. Yawanci daga kan batir ake jawo musu wuta kai tsaye, babu fiyus, da siririyar waya mai araha, wadda wani lokaci ma alminiyam ce aka shafa mata ruwan tagulla. Duk mai zuwa Ƙofar Ruwa ya san 'yan kasuwa ba sa ɓoyewa, za su tambaye ka mai kyau kake so ko mai sauƙi. Mu ne muke zaɓa, mun manta araha ba ta ado. Wannan magana ta shafi masu A Daidaita Sahu ma, waɗanda tun shigowarsu a 2005 suka zama abin hawan yawancin mutanen birni.

Sai kuma yanayinmu. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana busar da rigar waya har ta riƙa karyewa kamar ƙarago. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da baƙin mai ta zama makamashi. Da damina mota ta kutsa cikin ruwan da ya kwanta a titi, mahaɗan wayoyi su yi tsatsa. Ɓeraye kuma, a motar da ke kwana kusa da kasuwa ko bola, suna gaigayar wayoyi.

A ƙarshe ga sabon abu. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, mutane da yawa suna mayar da motocinsu masu aiki da iskar gas. Abu ne mai amfani idan ƙwararru suka yi, da tukunyar da aka ƙera don wannan aiki. Amma gas da tartsatsi ba sa zama inuwa ɗaya. A ranar 1 ga Oktoba, 2024, wata tsohuwar bas ɗin ɗaukar ɗalibai ta ƙone a kusa da birnin Bankok na ƙasar Tailan, yara 20 da malamai 3 suka rasu, aka kuma tarar an ɗora mata tukwanen gas fiye da adadin da hukuma ta amince. Wanda zai sa gas, ya fara gyara wayarin.

HALIN DA MUKE CIKI A CIKIN BIRNI

Mai girma Shugaba, me ya sa wannan magana ta fi damun mu mutanen cikin ganuwa? Dalili na farko shi ne su wa ke cikin motar. Bas ɗin da ke shiga unguwanninmu a yau ita ce mai kwasar yara zuwa makaranta, ita ce ta 'yan kai amarya, ita ce ta masu tafiya ta'aziyya ƙauye. Wato yara da mata da tsofaffi, waɗanda ba za su iya tsalle ta taga ba. Mota mai kujera 14 a loda mata mutum 20. Ƙofar fasinja ɗaya ce, sau da yawa hannunta na ciki ya karye, sai yaron mota ya buɗe ta waje. But an ɗaure shi da igiya saboda kaya. A irin su Hayis injin yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, a wasu motocin ma batirin yana cikin ɗakin fasinja, ga kuma jarkar fetur da direba ya ajiye don tsaron lalura.

Dalili na biyu shi ne wurin. Wanda ya san lungunan da ke kewaye da Kasuwar Kurmi da Jakara, ko cunkoson Ƙofar Wambai da Kasuwar Rimi da yamma, ya san motar kashe gobara ba za ta iso da wuri ba, komai ƙoƙarin ma'aikatanta. Kuma da dare motocin nan a ƙofar gida suke kwana, jikin bango, kusa da shaguna da janareto da rumfunan masu sayar da fetur a kwalba. Mun ji yadda motocin Ford suka riƙa kamawa a kashe. A unguwar da gidaje ke manne da juna, gobarar mota ɗaya ta isa ta zama ta layi guda.

Idan abu ya faru mukan ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Haka ne, mun yi imani da ƙaddara. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙo da sababi ba ya kore tawakkali, kuma rayukan da direba ya ɗauka amana ce a hannunsa da hannun mai motar.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Ga masu motoci, shawarata ta farko ita ce a duba lambar shasi. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1981 suna da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganinta ta ƙasan gilashin gaba ko a jikin ƙofar direba. Tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe shafi a intanet inda za ka sa wannan lamba kyauta, ya nuna maka ko akwai kiranyen da ba a gyara ba. Manyan kamfanoni ma suna da irin wannan shafi, har da na motocin cikin Japan masu gajeriyar lamba. Ko da ba a yi maka gyaran kyauta a nan ba, ka dai san inda ciwon yake, ka nuna wa mai gyara.

Na biyu, a kai mota wurin mai wayarin na ƙwarai aƙalla sau biyu a shekara, kafin bazara da kuma bayan damina. A buɗe akwatin fiyus a gabanka, duk inda aka yi dairek a cire. A ɗaure batir da ƙarfensa, a rufe kansa. Duk ƙarin kayan da aka sa a ba shi fiyus nasa kusa da batir. Motar da za ta daɗe a ajiye a cire mata kan batir, a fara da na baƙar waya.

Ga direbobi, ku san alamu: warin roba mai ƙuna, fiyus da ke yawan ƙonewa, fitilar da ke rawa, batirin da ke mutuwa cikin dare. In ka ji wari ko ka ga hayaƙi, ka tsaya nan take, ka kashe mota, ka fitar da mutane su yi nisa kafin ka waiwayi kaya. Kada ka wangale bonet, domin iska ce abincin wuta. Abin kashe gobara mai gari ya kasance kusa da hannunka, allurarsa a kan kore, ba wanda aka ajiye don nuna wa jami'ai a hanya ba. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma 122.

Ga iyaye, ranar da za ka biya kuɗin motar makaranta kana da haƙƙin ka leƙa cikinta. Ka gwada buɗe ƙofar ta ciki da hannunka, ka tambayi ina abin kashe gobara, ka ƙirga kujeru ka ƙirga yara.

Ga Ƙungiyarmu kuma, ina roƙon abu uku. Mu fara da gida: mu ɗauki nauyin duba wayarin motocin makarantarmu a farkon kowane zango, a buɗe littafi a riƙa rubuta abin da aka gani da abin da aka gyara. Sannan, tun da Allah ya albarkace mu da injiniyoyi da malaman kwalejojin fasaha, mu shirya bita ta kwana ɗaya ga masu wayarin da shugabannin direbobi na tashoshin da ke kusa da mu, cikin harshen Hausa, mu raba musu fiyus na ƙwarai. Yawancinsu mutane ne masu basira da suka koyi aiki a hannun iyayen gidansu, bayanin dalili kawai suke buƙata. Na uku, 'yan'uwanmu da ke aiki a ma'aikatu da majalisa su taimaka a rubuta wa hukumomin da abin ya shafa takarda da sunan Ƙungiya, a nemi a sa duba wayarin da ƙofofin fita cikin sharuɗɗan ba motar haya da ta makaranta takardar shaidar lafiya, a kuma riƙa sanar da kiranyen da ya shafi motocin da suka yi yawa a ƙasar nan ta gidajen rediyo. Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mun ji abin da ya sami mutanen Jamus da na Tailan, bai kamata mu jira namu ba.

Mai girma Shugaba, a nan zan dakata.  Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a hanya da gida, ya ƙara haɗa kan wannan Ƙungiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.